Farkon Layin da Muka Tsallake

Kwamfutar da nake rubutu da ita ta ɗana na fari ce. Da ita ya yi karatunsa, da ya samu sabuwa ya kawo min wannan, murfinta a tsage ta gefe guda, ga ta da ɗaukar zafi, in ka ɗora ta a cinya minti goma sai ka nemi faranti ka sa mata a ƙasa. A shekarar na yi ritaya daga koyarwa, ina zaune a gida a Mubi ba abin da nake yi sai kiwon awaki uku da neman wanda zan yi wa gyara a magana. Shi ne ya ce in daina damun mutane da labarin mahaifiyata, in zauna in rubuta shi.

Ba wani labarin mamaki ba ne. Mahaifiyata ta tashi a wajejen Mayo Bani, ta san dawa iri-iri da sunayensu, ta san ƙwaryar da ake zuba kindirmo a ciki da wadda ake ajiye wa baƙo, ta san inda ruwa yake kwanciya in damina ta yi nisa da inda ba ya kwanciya. Ta tafi da yawancin wannan a kanta, sai ɗan abin da ya maƙale a nawa. Shi nake so in sauke kafin ni ma a zo gaisuwata.

Kwamfutar ba ta iya ɗaukar manyan manhajojin ofis, da an buɗe su sai ta tsaya tana nishi. Don haka ya sa min wata 'yar manhajar rubutu irin ta masu aikin kwamfuta, wadda suke kira edita, babu hoto babu ado, rubutu ne zalla a kan fili. Na ce masa wannan ai allon aji ne aka sa wa wuta. Ya yi dariya, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ya wuni yana ƙwanƙwasa, da la'asar ya miƙo min. Filin ya koma kore mai duhu, haruffan kuma launin madara, suna zama lafiya a ido. In ina son harafi mai ƙugiya, na Hausa ko na Fulatanci, sai in danna waƙafi sannan harafin, ƙugiyar ta fito da kanta. Rubutun yana ajiye kansa a kai a kai saboda halin wutarmu. A can ƙasa kuma, duk lokacin da na buɗe, akwai layi ɗaya da yake fitowa: Dada, a sha ruwa tukuna. Haka yake kirana, ya kuma san ni sarai, in na zauna sai hantsi ya wuce ban sa komai a bakina ba.

Shekara huɗu na yi ina rubutu a cikin wannan koren fili yana raye, shekara biyu kuma bayan ya rasu. Ciwo ne na 'yan makonni, ba zan tsaya a kansa ba a nan. Bayan an watse daga zaman makoki an raba tufafinsa, littattafansa sun tafi wurin ƙannensa, sai na duba na ga abin da ya rage min mai aikin hannunsa a ciki shi ne wannan fili. Kullum da hantsi in na ɗaga murfin sai in ji kamar na shiga ɗakin da ya share ya fita yanzu.

Wata rana ma ba na rubuta komai. Sai in zauna ina kallon ɗan layin nan mai ƙiftawa, koren ya yi ta faɗi yana faɗi har ya zama fadamar Mayo Bani bayan an ɗauke ruwa, ciyawa ta kwanta gefe guda, mahaifiyata tana gaba da ƙwarya a kai ba ta waiwayowa. Wani lokaci in gan shi a bayanta, ƙato da shi da gemunsa, yana bin sawunta yana tambayarta sunan kowace ciyawa, alhali a duniya bai taɓa taka wannan fadama tare da ita ba. Ba barci nake yi ba, idona biyu. Sai akuya ta yi kuka ko maƙwabciya ta yi sallama, in dawo in tarar da shayina ya huce.

A daminar bara kwamfutar ta ƙi tashi. Na danna, na jira, na cire batir na mayar kamar yadda na ga yana yi, shiru. Na naɗe ta a ɗankwali na hau keke zuwa wurin wani mai gyara a layin masu waya, mutum mai ladabi, gashin kansa ya fara fari. Bayan kwana biyu ya ce in zo. Ya ce ya sabunta mata ciki gaba ɗaya, amma da ta tashi sai ta nemi kalmar sirri, abin da a da ba ta yi, shi kuma bai san ta ba, don haka ya buɗe min wata sabuwar hanyar shiga ya kwashe rubuce-rubucena ya zuba a can. Ya rubuta min sabuwar kalmar sirri a bayan kwalin magani. Ni abin da kunnena ya kama kawai shi ne rubutuna yana nan, sauran bayanin ya bi iska. Na yi masa godiya har da addu'a.

Da na dawo gida na buɗe editan, fari fat na gani. Haruffa baƙaƙe ƙanana kamar an watsa riɗi. Na danna waƙafi da harafi, waƙafi da harafi suka fito tsirara, ba ƙugiya. Na duba ƙasa, babu kowa. Na rufe na sake buɗewa, na rufe na sake buɗewa, har sau biyar, sai ka ce wadda take komawa ƙofar gida ko mai gidan ya dawo. Rubutuna kuwa yana nan cif, ko ɗigo bai ɓata ba, shi ya sa duk wanda na kai wa kuka sai ya ce to Malama mene ne abin damuwa. Ban iya yi musu bayani ba. Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar sadakar arba'in.

A nan dole in faɗi wani abu game da mu. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna bai taɓa fita daga bakina ba. Kai nake ce masa, ko babba, in kuma ina ba da labarinsa in ce wancan. Na yi boko, na koyar shekara da shekaru, na yi faɗa da al'adu da yawa har ana ce min mai taurin kai, amma wannan ban taɓa ta ba, ban ma taɓa jin tana damuna ba. Takardun makarantarsa duk mahaifinsa ne ya cike su.

Matarsa kuma 'yar duwatsun Michika ce. A makaranta suka haɗu, karatu ɗaya suka yi, ta ma fi shi maki, abin da ba ta bari ya manta ba. A can da sunansa take kiransa gatsau, amma tun da ta shigo gidan nan ta lura da bakina ta daina a gabana, ba wanda ya ce ta daina. Bayan rasuwarsa ta koma Yola tana koyar da kwamfuta, muna waya duk Juma'a. Na lura ko da wasu take magana yanzu ba ta faɗin sunan, sai ta zo daidai wurin ta yi ɗan shiru ta wuce. Nata ba kunya ba ce irin tawa, ciwo ne. Ita na kira, ban jira Juma'a ba.

“Dada, kar ka damu,” in ji ta. Shekara nawa ina yi mata gyara, har yau “ka” take ce min maimakon “ki”, na haƙura. “Edita ɗin nan ba shi da wayo na kansa. In ya tashi, yana zuwa ya karanta wasu fayil, su ne suna gaya masa kala, girman rubutu, komai da komai. Konfig muke ce musu. Na farko na kwamfuta duka ne. Na biyu yana cikin folda na wanda ya shiga. Sai ƙanana suna bi. Naka yana cikin na biyun, ina wurin lokacin da ya fara rubuta shi.”

Na ce, “To, 'yata, ya aka yi ya manta?”

“Ba ya mantawa. Ko bai karanta ba, ko ya karanta wani abu dabam. Za mu tambaye shi me ya karanta.”

Abin ya ba ni sha'awa duk da baƙin cikin da nake ciki. Ashe kullum da na ɗaga murfi, kafin in gama gyara zama, wannan abu ya riga ya zaga gaisuwar safe ɗaki-ɗaki kamar yadda muke yi a babban gida, a kowace ƙofa a gaya masa abin da zai yi yau, sannan ya zo gabana ya zauna. Shekara shida ina zato tun ranar da ya gyara shi ya zama kore ke nan har abada.

Ta ba ni wata kalma harafi-harafi na rubuta, sai ga jerin layuka sun zubo, kowanne da lamba a gabansa, kowanne doguwar hanya ce ta folda cikin folda har zuwa sunan fayil a ƙarshe. Na ɗora tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, na kai hancina kusa da gilashin. Na karanta mata layin farko da ƙyar, ta ce daidai ne, na kwamfuta duka ne. Da na gangaro layi na biyu gabana ya faɗi, don na san yadda ya tsara abinsa, foldarsa sunansa ne a kanta, na sha hango shi da gefen ido. Kafin in yi tunani babban yatsana ya riga ya hau kan wurin ya rufe.

Ita ma a can ta san abin da ke zuwa. Da sauri ta ce, “Dada, bar farkon, na san shi. Karanta min ƙarshe kawai.”

Na ji wani sanyi a raina, na tabbata ita ma ta ji. Na karanta mata ƙarshen, wani ɗan suna mai ɗigo a gabansa. Ta ce shi ne, fayil ɗin ke nan, editan yana karanta shi, to me ya sa. Ta sa na buɗe shi. Layuka ne ba su fi goma ba, duk Turanci, irin wanda ke zuwa da manhaja daga masana'anta. Na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, ina gamawa na ji ta ja numfashi.

“Ba nasa ba ne,” ta ce. “Nasa ya fi shafi uku. Ina jin da aka sabunta, sabon ya hau kan tsohon.”

“Ya hau kansa, wato ya goge shi?”

Sai ta ce kar mu yanke hukunci tukuna, akwai wuraren da za mu duba.

Mako biyu muka yi muna dubawa. Tana tashi daga makaranta bayan azahar, ni kuma na idar da salla na shimfiɗa tabarma a baranda inda waya ta fi kamawa. Mun tayar da editan tsirara ba tare da ya karanta komai ba, don mu ga ko akwai bambanci, kusan babu. Mun buɗe fayil ɗin kwamfuta duka mun bi shi layi-layi. Mun leƙa foldar ƙananan fayiloli, wayam. Ta ce wani lokaci edita yana ajiye tsohon kwafi a gefe, mun nema, babu. Duk inda za mu shiga foldar mai kwamfuta kuwa, ba ta sa ni rubuta suna. Akwai wata 'yar alama mai lanƙwasa a saman kibod, kamar tsutsa ta kwanta, ta ce ma'anarta foldar wanda ya shiga, in na danna ta ta wadatar. Na ƙaunaci alamar nan. Na ce lallai wanda ya ƙirƙiro ta uwarsa Bafulatana ce, muka yi dariya, ita ce dariyarmu ta farko a kan wannan aiki.

Tsakanin nan na koma wurin mai gyara da faɗana. Ya dafa ƙirji ya ce, “Mama, wallahi ban goge komai ba. Abin da na gani na kwashe, abin da ban gani ba ban taɓa ba.” Na ce masa ai matsalar ke nan, ku ba kwa ganin komai. Na juya na bar shi tsaye da sukundireba a hannu. Gaskiya ya faɗa, ni ce ban saurara ba, daga baya sai da na koma na ba shi haƙuri.

Da muka gaji, sai ta ce za ta rubuta min sabo. Yamma uku tana karanto min ina bugawa da yatsa ɗaya. Ƙugiyoyi suka dawo, haruffa suka girma, fili ya koma kore. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma koren ba shi ba ne. Wannan ya yi haske da yawa, irin na bokitin roba, in na kalle shi ba ya buɗewa ya zama ko'ina, yana nan a gilashi. Ta ce in ina so za ta sa min layin nan na ƙasa, ta tuna kalmomin. Na ce a'a da ƙarfin da ya fi wanda na yi niyya. Ba kalmomin nake nema ba, ina da su a kaina. Ta ce ta gane, ni kuma na ji kunyar yadda na yi mata tsawa, yarinyar da ita ma rashin nata ne.

Daga nan rubutu ya tsaya. Ina tsakiyar babin yadda mahaifiyata take gane ruwan da zai sauka da wanda zai wuce, na buɗe na zauna, ko jimla ɗaya ta ƙi zuwa. Na fara gaya wa kaina cewa shi ke nan, abin ya tafi, in haƙura kamar yadda na haƙura da mai shi. Amma wannan haƙurin ya fi ƙarfina, don wancan Allah ne ya karɓa, wannan kuwa ni na naɗe shi a ɗankwali na kai kasuwa da ƙafata.

Wata Laraba bayan azahar hadari ya taso ta wajen Mugulbu, duwatsu suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya sauka irin mai zama. Na shigar da awaki, na jawo kujera bakin ƙofar ɗaki. Waya ba ta kamawa, ba mai zuwa, ba inda za ni. Ƙarar ruwa a kan kwano ta cika gidan har na daina jin ta. Ina zaune da kwamfutar a kan faranti ina kallon tsakar gida tana zama tafki, ganyen mangwaro suna yawo a kai, sai na ga kamar tabarmar nan tana shimfiɗe a wurinta, ruwa yana sauka ko'ina ban da kanta. Wata irin kewa ta taso min, ba ta kuka ba, mai taushi. Na ji ina so in ga sunansa. Ba in faɗa ba, in gani kawai, in kalle shi sosai sau ɗaya kamar yadda ake kallon fuskar mai barci. Ba kowa a gidan da zan ji kunyarsa.

Na buga kalmar nan da ta koya min, jerin layukan suka zubo. Yatsana ya tafi wurinsa da kansa, na janye shi na ajiye a cinya. Na bi layi na biyu daga farkonsa a hankali.

Mama aka rubuta a wurin. Haruffa huɗu, abin da mai gyara yake kirana da shi.

Na daɗe ina kallo. Da farko haushi na ji, na zo ganin ɗana an nuna min kaina. Sai a hankali maganarta ta farko ta dawo min, fayil na biyu yana cikin foldar wanda ya shiga. Wanda ya shiga yanzu ni ce, ta sabuwar hanyar da aka buɗe min. Editan bai manta komai ba, kullum yana zuwa gaisuwarsa, ƙofar ce aka canja masa, ya tarar da fayil mai irin sunan wancan ya karanta ya taho. Alamar nan da na ƙaunata kuwa duk mako biyun nan foldata take kai mu, muna ta laluben kayansa a ɗakin da bai taɓa shiga ba. In haka ne, ba a hau kan komai ba. Na miƙe tsaye, na zauna, na ɗaga waya sama ina neman layi kamar mai shanya.

Sai bayan la'asar ruwan ya tsagaita waya ta kama. Ko gaisuwa ban bari mun gama ba.

“'Yata, farkon layin nan da muke tsallakewa. Na duba. Ba shi ba ne.”

“Ba shi ba ne kamar yaya, Dada?”

“Mama aka rubuta.”

Sai na ji wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. “Sati biyu,” ta ce. “Ni da nake koya wa yara su karanta layi daga farko. Ni na ce ka bari.”

Na ce, “Kafin ki ce, yatsana yana kai. Mu biyu muka yi.”

Ta gyara murya ta koma malama. Ta sa na hau folda ɗaya sama, inda foldar kowane mai shiga take, na ce a jero su. Biyu ne. Ɗaya mama. Ɗayar kuma ga shi nan, baƙi a kan koren roba, ƙananan haruffa, yadda ya rubuta shi da hannunsa ranar da ya sayi kwamfutar.

“Ka gani?”

“Na gani.”

“Dada, alama ba zai kai ka can ba. Sai ka rubuta shi.”

Na rubuta. Da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ina neman kowanne a kan kibod kamar ban san inda suke ba. Ban yi sauti ba, amma na ji leɓɓana suna motsi, ban kuma hana su ba. Na danna babban maɓalli. Kwamfutar ta nemi kalmar sirri, na karanto ta daga bayan kwalin magani, ta buɗe.

Da farko ba mu ga komai ba sai tsoffin kwafin rubutuna. Ta ce fayil mai ɗigo a gaban sunansa ɓuya yake yi, sai an ce a nuna har na ɓoye, shi ya sa mai gyara bai gan shi ba. Ta ƙara min harafi ɗaya a umarnin. Ga shi nan a cikin jerin, da ɗigonsa. Muka kwafe shi zuwa foldata, nata da ta sha wahalar rubutawa ta ce in ajiye shi gefe da wani suna, ba ta ji haushi ba. Na rufe editan. Na sake buɗewa.

Koren ya dawo, mai duhun nan, da haruffa launin madara, da layinsa a ƙasa. Na gaya mata. Ta ce alhamdu lillahi a bakinta na 'yar coci, ta ce in je in huta. Na ce ban gaji ba, ina so in ga cikinsa, tunda shekara shida ina cin amfaninsa ban taɓa sanin yana nan ba.

Dogo ne kamar yadda ta faɗa. Yawancinsa Turancin kwamfuta ne da ban gane ba, amma tsakanin layukan akwai Hausa. Ta ce duk layin da aka sa wa wata 'yar alama a gabansa editan ba ya karanta shi, tsallakewa yake yi, masu aikin suna amfani da wannan su bar wa kansu bayani ko su kashe umarnin da ba sa so yanzu. Na bi su ina karanta mata. Wannan na ƙugiya ne. Wannan don in wuta ta ɗauke. Ba ta son fari, yana sa mata hawaye. Kar a taɓa wannan, za ta yi faɗa. A nan sai da muka tsaya muka yi dariya mai isarmu.

Can kusa da ƙarshe na tarar da layuka bakwai a jere, iri ɗaya sak, lambar ƙarshensu ce kawai ta bambanta. Na farko sha huɗu, an kashe shi da alama. Sha shida, an kashe. Sha takwas, an kashe. Ashirin ne kaɗai a raye. A ƙarƙashinsa kuma akwai uku, ashirin da biyu, ashirin da huɗu, ashirin da takwas, duk da alama a gabansu. Na tambaye ta na mene ne.

“Girman rubutu ne, Dada.”

Sai na tuna duk Sallar da ya zo gida yakan karɓi kwamfutar ya ce zai kaɗe mata ƙura, ya ɗan jima da ita ya dawo min da ita. Ashe kallona yake yi ina rubutu, ya ga yadda nake matsowa, ya je ya ƙara ba tare da ya ce uffan ba, don ya san in ya ce idona ya fara rauni sai mun kwana muna musu. Ni kuwa ina ta yawo ina gaya wa tsarana cewa ni har yau garau nake gani. A saman ukun nan na ƙasa ya bar layi ɗaya na Hausa: in lokaci ya yi, a cire alamar.

Na karanta mata shi. Gaskiyar magana, tun kafin kwamfutar ta lalace na fi shekara ina rubutu da wuyana a miƙe, ina ɗora laifin a kan hasken baranda.

Na ce, “Yaya ake yi?”

Ta ce in sa alama a gaban ashirin, in cire ta gaban ashirin da biyu, in ajiye, in rufe, in buɗe. Na yi. Haruffan suka fito sun ƙara jiki kaɗan, ba da yawa ba, daidai yadda zan jingina bayana da kujera in karanta babin ruwan sama daga inda na tsaya. Na koma cikin fayil ɗin na sake dubawa kafin in rufe. Saura biyu a ƙasa, ban taɓa su ba.